Tawayen Cikin Gida: Rikicin Kujerar Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Zamfara, 2024

Masu nazarin tarihin siyasar ƙasar nan sun fi mai da hankali ga karon da akan yi tsakanin jam'iyya da jam'iyya, kamar na Kaduna cikin 1981, sa'ad da Majalisar da 'yan NPN suka rinjaya ta tuɓe Gwamna Balarabe Musa na PRP. A cikin wannan takarda muna so mu duba wani iri dabam, watau inda 'yan jam'iyya guda ke tasar wa shugaban da suka zaɓa da hannunsu. Misalinmu shi ne abin da ya auku a Gusau cikin watan Fabrairu na 2024.

Majalisar Dokokin Jihar Zamfara kujeru 24 gare ta. Sashe na 92 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a tuɓe Kakaki sai da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na dukan wakilai, watau 16, alhali sashe na 96 ya yarda a yi zama da kashi ɗaya cikin uku, watau 8. Ashe ke nan 'yan tawaye na iya cika adadin zama ba tare da sun kai adadin tuɓewa ba, kuma a wannan rata ce rikicin ya sami wurin zama.

Sa'an nan kada mu manta yadda igiyar jam'iyya ta yi sako-sako a jihar. Ran 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC domin ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba, kusan dukan kujerun suka faɗa hannun PDP. Cikin Yuni 2021 akasarin wakilan suka bi Gwamna Bello Matawalle zuwa APC, a Fabrairu 2022 kuwa suka tuɓe Mataimakinsa, Mahdi Aliyu Gusau, wanda ya ƙi barin PDP. A ganinmu, abin da wakilai suka koya a shekarun nan shi ne, inda Gwamna ya sa gaba nan ne jam'iyya take.

Da Dauda Lawal na PDP ya ci zaɓen 2023, Majalisa ta zaɓi Bilyaminu Isma'ila Moriki ya zama Kakaki. Bai cika shekara ba sai wani rukuni na wakilai, 'yan PDP da 'yan APC a haɗe, suka yi zama ba da shi ba, suka ce sun kawar da shi, suka ɗora Bashir Aliyu Gummi, shi ma ɗan PDP, a matsayin Kakakin riƙo. Hujjarsu ita ce ta'adin 'yan bindiga ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Majalisa kuwa ta yi gum. Jaridu suka ruwaito cewa su 18 ne, ɓangaren Kakaki ya musa. Bayan 'yan kwanaki ɓangaren nasa ya dakatar da wakilai takwas, bisa zargin haramtaccen zama da fasa ƙofofi.

A nan ne labarin Tsafe ya cancanci mu dakata a kansa. Kujeru biyu Ƙaramar Hukumar take da su, a lokacin duka suna hannun PDP. Wakilin Tsafe ta Gabas, Bello Mazawaje, shi ne Shugaban Masu Rinjaye a lokacin, shi ya kawo ƙudurin dakatarwar. Wakilin Tsafe ta Yamma, Amiru Ahmad Keta, yana cikin waɗanda aka dakatar, tare da Bashiru Sarkin Zango na Bunguɗu ta Yamma. Gari ɗaya, jam'iyya ɗaya, bala'i ɗaya, domin kowa ya san abin da matafiya ke gamuwa da shi a hanyar Funtuwa zuwa Gusau wadda ta ratsa Tsafe. Ba za mu rantse cewa kishin talakawa kaɗai ya motsa 'yan tawayen ba, don ba a raba ɗan siyasa da neman muƙami. Amma wakilin da mutanen ƙauyensa ke kwana a daji, tilas ya zaɓa tsakanin fushinsu da fushin Gidan Gwamnati, jam'iyyar kuwa ba ta sasanta 'ya'yan nata ba kafin magana ta kai zauren Majalisa.

Irin wannan ya faru a Amurka cikin Oktoba 2023, inda 'yan Rifablikan takwas suka haɗa kai da 'yan adawa suka tuɓe Kakakinsu, Kevin McCarthy, da ƙuri'a 216 a kan 210. Can an ƙirga ƙuri'a a bainar jama'a, wanda ya faɗi ya sauka. A Gusau kuwa ba a sami ƙidayar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita ba, don haka rinjaye ya koma ga wanda ke riƙe da zauren, wanda kuma Gwamna ke aika wa takardun kasafi. Moriki ya ci gaba da zama bisa kujerarsa, 'yan tawaye suka riƙa nasu zaman a gefe har cikin 2025, lokacin da kwamitin ƙorafe-ƙorafe na Majalisar Wakilai ta Tarayya ya gayyaci Gwamna da shugabannin Majalisar zuwa Abuja. A lokacin nan mutanen Tsafe ta Yamma da na Bunguɗu ta Yamma sun haura shekara guda ba mai magana da yawunsu a zauren.