Sinadarin Seleniyom a Jini da Sankarar Mama

Seleniyom na cikin ma'adinan da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan, kimanin maikirogiram 55 a rana ga babban mutum. Ana samun sa a kifi, ƙwai, hanta da nama, da kuma hatsi, gwargwadon ƙasar da aka noma shi. Jiki na amfani da shi wajen kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa.

A 2018, masu bincike a birnin Szczecin na ƙasar Polan sun wallafa sakamakon bin diddigin mata 546 masu sankarar mama. Cikin waɗanda seleniyom ya fi ƙaranci a jininsu, kimanin kashi 68 cikin ɗari ne ke raye bayan shekara 5. Cikin waɗanda ya fi yawa kuwa, sama da kashi 82. Wani bincike a Suwidin a 2021, kan mata kusan 2,000, ya samu makamancin haka.

To amma alaƙa ce aka gani, ba hujjar cewa sinadarin na magani ba. Ita kanta cutar, da rashin cin abinci, suna rage shi a jini, don haka ƙarancinsa na iya zama alamar jikin da ya riga ya galabaita. Ƙwayoyin ƙari da ake tallatawa ma ba abin wasa ba ne: idan ya yi yawa yana zubar da gashi, yana lalata farce, numfashi ya riƙa warin tafarnuwa.

A ƙasashen Sahel, abin da ya fi yanke rayuwar masu wannan cuta shi ne isa asibiti bayan ƙullutun ya bazu.