Fuskar Sarki a Kan Tagulla

A wani shagon ɗinki da ke garinmu Kebbe akwai hoton wani dattijo mai rawani manne a bango, an rubuta sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasansa. Na yi shekaru ina kallonsa cikin girmamawa kafin in gane cewa ba Shehu ba ne. Shehu ya rasu a 1817, na'urar ɗaukar hoto kuwa ba ta shiga hannun jama'a ba sai a 1839, kuma babu wani zanen fuskarsa da aka yi a zamaninsa.

Sarakunan Turai sun daɗe suna adana kamanninsu tun kafin zuwan kyamara. A ƙarni na 17, birnin Antwerp na ƙasar Flanders, cikin Beljiyam ta yau, ya shahara da masu sassaƙa hoto a kan farantin tagulla. Masassaƙi yakan karce tagullar da ƙarfe mai tsini, ya cika karcen da tawada, ya goge saman, sannan ya danna takarda mai danshi a kai. Faranti ɗaya yakan fitar da ɗaruruwan hotuna. Ta haka Paulus Pontius ya sassaƙa Sarki Philip na Huɗu na Sifen daga zanen Rubens. Hotunan da Anthony van Dyck ya tsara na 'ya'yan sarauta da masana da masu zane an buga su a kundi guda a 1645, kuma farantansu suna gidan tarihi na Louvre a Faransa har yau. Manufar sarakunan a fili take, wato talakan da bai taɓa zuwa fada ba ya san fuskar mai mulkinsa.

A ƙasarmu kuwa kwarjinin sarki yana cikin rufe fuska da amawali. Lokacin da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, ya siffanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kalmomi: mai manyan idanu da gajeren gemu, sanye da shuɗiyar riga, farin rawani ya rufe masa hanci da baki. Littafin tafiyar da aka buga a Landan a 1826 yana ɗauke da sassaƙen hoton Shehu al-Kanemi na Borno. Abin da Bello ya bari a cikinsa taswirar ƙasarsa ce.

Malaman jihadi sun ƙyamaci zana surar mutum, don haka suka adana halayen shugabanninsu a rubuce. Waziri Giɗaɗo ya tattara labarun Shehu a Raudul Jinan, Nana Asma'u kuma ta yi wa Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837. Mutanen Tambuwal ba su san kamannin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ba, amma sun san nasabarsa da ribaɗin da ya riƙe a garinsu.

Hoton Antwerp yana ɗauke da sunan mai zane da na masassaƙi, don haka ana iya bin asalinsa. Na bangon shagonmu babu wanda ya san inda ya fito, kuma yara suna haddace shi a matsayin tarihi. Idan muna son su san Shehu, littattafansa suna nan a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, suna jiran mai karantawa.