Kafin Ka Watsa Imel Ɗin Neman Aikin SEO, Ka San Tarihinsa

Makon jiya wani ƙanena ya shigo wurina rai a ɓace. Wata shida ya yi yana koyon SEO, wato gyara shafin intanet yadda zai riƙa fitowa a sahun gaba idan aka yi bincike a Google. Aikin kam ya iya, kwastoma ne babu. Sai wani ya sayar masa da jerin adireshin imel na kamfanonin Turai da Amurka, ya rubuta saƙo ɗaya ya watsa musu duka a dare guda. Ko mutum ɗaya bai amsa ba, bayan kwana biyu kuma aka rufe masa akwatin. Ya ce, "Yaya, wai ni me na yi?" Na ce zauna, abin nan an yi shi tun ba a haife ka ba. Na san akwai irinsa da yawa cikin masu bibiyata, shi ya sa na kawo zancen nan.

A 1971 Ray Tomlinson ya tura imel na farko daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, hanyar sadarwar ma'aikatar tsaron Amurka wadda daga baya ta haifi intanet. Shi ne ya zaɓi alamar @ ɗin nan. Shekara bakwai kacal aka yi, talla ta shigo. A watan Mayun 1978, Gary Thuerk na kamfanin Digital Equipment Corporation ya tura tallan sabuwar kwamfuta ga mutum kusan 400 lokaci guda. Jama'a suka yi masa ca, masu kula da hanyar suka ja masa kunne. Shi kuwa daga baya ya ce saƙon ya jawo cinikin dala miliyan 13. Tun ranar farko ke nan abin ya zo da kuɗi da baƙin jini a haɗe.

Da Hotmail ta fito a 1996 tana ba da akwati kyauta, kowa ya samu adireshi. A 1998 Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google, da dabarar da suka kira PageRank. Ita dabarar kamar shaida ce: duk shafin da wasu shafuka masu daraja suka sa mahaɗar da ke kai mutum gare shi, darajarsa ta ƙaru. 'Yan kasuwa suka gane cewa wanda ba ya shafin farko kamar mai rumfa ne a ƙurya, babu mai bi ta wurinsa. Nan sana'ar SEO ta bunƙasa.

To amma SEO ba atamfa ba ce da za ka baza a gani. Mai sayar da ita dole ya je ya samu mai shafi, kuma babu hanya mai araha kamar imel. Sai akwatunan mutane suka cika da alkawari iri ɗaya, cewa za a sa ka lamba ɗaya a Google cikin wata guda. Da yawa daga cikinsu maguɗi suke yi: su cusa kalma ɗaya sau ɗari a shafi, ko su sayo dubban mahaɗai daga shafukan bogi.

Google ba ta zuba ido ba. A 2006 ta cire shafin BMW na Jamus daga bincikenta na ɗan lokaci saboda irin wannan dabara. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tona yadda kantin JC Penney ya hau sama da mahaɗan saye, Google ta jefo shi ƙasa. A watan ne ta fito da tsarin Panda don kawar da shafuka marasa amfani, a Afrilun 2012 kuma ta kawo Penguin don kama mahaɗan bogi. Masu ƙananan kasuwanci da yawa suka wayi gari shafinsu ya ɓace, alhali kuɗinsu suka biya a ɗaga su. Har yau Google tana gargaɗin mutane su yi hattara da mai aikin SEO da ya turo imel haka kawai, tana cewa babu mai iya lamunce maka lamba ɗaya. Abin dariya, ta ce ita kanta ana turo mata irin waɗannan saƙonni.

Doka ma ta shigo. A 2003 Amurka ta yi dokar CAN-SPAM. Ba ta hana ka rubuta wa wanda bai san ka ba, amma ta hana kanun yaudara, ta ce ka sa adireshinka na zahiri, kuma wanda ya ce ka daina, ka daina cikin kwanakin aiki 10. Tarayyar Turai ta tsananta da GDPR daga 25 ga Mayu, 2018. Mu ma a Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanan mutane a Yunin 2023. Daga Fabrairun 2024 kuma Gmail da Yahoo suka gindaya wa masu tura saƙo da yawa sharuɗɗa: su tabbatar da asalin adireshinsu, su sa wurin fita da dannawa ɗaya, kuma kada masu kai ƙararsu su kai 3 cikin 1,000. Uku fa cikin dubu! Da jerin saye ka wuce wannan tun kafin gari ya waye.

Mu kuma muna da ƙarin kaya a ka, wanda dole a faɗa. 'Yan 419 sun shekara da shekaru suna ɓata sunan imel ɗin da ya fito daga Najeriya. Bature ya ga baƙon saƙo daga nan ɗauke da babban alkawari, wallahi ba zai karanta layi na biyu ba. Ba laifin ƙanena ba ne, amma shi zai biya.

Ba wai imel ya mutu ba ne. Tun 1999 Seth Godin ya rubuta littafin Permission Marketing a kan tallar da ake yi da yardar mutum, kuma can duniya ta nufa. Ga abin da na ce wa yaron. Ka zaɓi kasuwanci goma, ba dubu goma ba. Ka buɗe shafin kowanne a wayarka, ka nemo matsala ɗaya ta gaske: yana jinkirin buɗewa, ko ba ya fitowa a taswirar Google, ko lambar wayar da ke kai tsohuwa ce. Ka rubuta layi biyar, ka ambaci matsalar, ka faɗi yadda ake gyarawa, ka sa cikakken sunanka da inda kake. Kada ka yi alkawarin lamba ɗaya. Idan aka yi shiru ka tuna masa sau ɗaya, daga nan ka bar shi.

Kuma na ce ya fara daga gida. Otal-otal, makarantun kuɗi da dilolin Kantin Kwari suna nan, da yawansu ko a taswira ba a ganinsu. Ka yi wa uku aiki mai kyau, ka ajiye hoton yadda suke da yadda suka koma. Gani ya kori ji, shi za ka nuna wa na waje.

Jiya ya tura bakwai. Ɗaya ya amsa ya ce ba yanzu ba, amma ya gode da maganar lambar wayar. Yaron sai murna yake kamar an ba shi kwangila, ni kuma ban hana shi ba.

Ku da kuke wannan harka, ta ina kwastomanku na farko ya zo? Ku faɗa mana, ƙannenmu su ƙaru. Allah ya ba mu halak ɗinmu cikin sauƙi.