Ruwan toka da fotash: abin da ya kamata manomi ya sani

Fotasiyam kabonet wani farin gishiri ne mai saurin narkewa a ruwa. Shi ne ƙarfin da ke cikin ruwan tokar da mata a Farfaru da sauran ƙauyukan Jibiya ke ɗigewa daga tokar karan gero ko dawa, su sa a miya ko a haɗa sabulun salo.

Yadda ake yin sa

A gida, ana zuba toka a tukunya mai huji, a shimfiɗa ciyawa a gindi, a zuba ruwa ya riƙa ɗiga. In aka dafa ruwan ya ƙone, abin da ya rage shi ne fotash. Haka Turawa ma suka fara. Takardar mallakar fasaha ta farko da Amurka ta bayar, a 1790, ta Samuel Hopkins ce, kan hanyar dafa fotash.

Yau masana'antu ba sa bi ta toka. Suna haƙo gishirin fotasiyam kulorayid a ƙasashe irin su Kanada da Rasha da Jamus, su narka shi, su ratsa shi da wutar lantarki ya zama ruwa mai ƙuna, sannan su hura masa iskar kabon dayokzayid. Sai a busar, a zuba a buhu. Masu yin gilashi da sabulu ne manyan masu saye.

Kada a haɗa shi da kanwa

Kanwar da ake shigowa da ita daga Nijar, ko da ana ce mata fotash da Turanci, yawancinta sodiyam ne. Ba taki ba ce. In ta yi yawa a gona, ƙasa takan daskare, shuka ta ƙone. Harafin K da ke jikin buhun NPK kuwa, galibi daga fotasiyam kulorayid yake.

Shawara ga manomi

- Tokar murhu tana da amfani a jigawa: tana ba da fotasiyam, tana rage tsamin ƙasa. A barbaɗa kaɗan, a gauraya da ƙasa.
- Kada a cakuɗa toka da yuriya, domin ƙarfin takin zai bi iska.
- Kada a ƙone karan gona don neman toka. Nitirojin na tafiya da hayaƙi, ƙasa kuma ta zauna tsirara.
- A ajiye toka inda ruwan sama ba ya taɓa ta, in ba haka ba sai ya wanke amfanin.
- Ruwan toka mai kauri yana cin tukunyar alminiyam, yana ƙona ido. A nesanta shi da yara.