Daga Disfensarin En'e Zuwa Asibitocin Mando: Asalin Ƙarancin Nas a Arewa

Mafi yawan mutane sun san Mando da tashar mota, da sansanin sojojin sama, da hanyar da ta miƙe zuwa Birnin Gwari. Mai nazarin ma'aikatan lafiya kuwa wani abu dabam zai gani. A gefen unguwar ne Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa take, wadda dokar soja ta kafa a 1979, a cikinta kuma akwai makarantar da nas-nas daga jihohi daban-daban suke zuwa su ƙware a jinyar ido. Amma ƙananan asibitocin sha-ka-tafi na Ƙaramar Hukumar Igabi, wadda Mando da Afaka da Rigasa suke cikinta, kamar takwarorinsu a faɗin Arewa, sun fi dogara ne da jami'an lafiyar al'umma fiye da nas da ungozoma masu rajista. A yau da zarar an tambayi dalili, sai a ce ai duk sun tafi Ingila. Wannan amsa tana da gaskiya a cikinta, sai dai ta yi gajarta. Tun kafin a fara rububin fita waje aka gina tsarin da yake tara ƙwararru a manyan asibitoci, ya bar asibitin talaka a hannun wanda aka yi wa gajeren horo, kuma tarihin wannan tsari ne yake nuna inda gyara ya kamata ya fara.

Da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, aikin asibiti na gwamnati ba don jama'ar gari aka tsara shi ba. Jami'an mulki da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa aka nufa. Asibitin da yanzu ake kira Barau Dikko, wanda dattawan Kaduna har gobe suke ce wa Nasin Hom, asalinsa wurin jinyar Turawa ne. A Kudu, mishan ne suka cike wannan giɓi, suka gina asibitoci, suka koya wa 'yan mata jinya. A masarautun Musulmi na Arewa kuwa gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan, don haka wuraren koyon jinya na farko suka tsaya a gefe: Vom a ƙasar Filato, da Wusasa a bayan ganuwar Zariya, inda mishan ɗin Dakta Miller ya koma wajen 1929, garin da ya fitar da Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa. Abin da ya rage wa sauran jama'a shi ne disfensarin En'e, ɗaki ɗaya ko biyu a hedikwatar gunduma, da malamin asibiti namiji wanda aka koya wa wanke gyambo, da ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki, da rubuta sunaye a littafi. An zaɓi wannan hanya ne don ta fi arha, kuma baitulmalin En'e ne yake biya, ba gwamnatin tsakiya ba. Abubuwa biyu suka kafu tun daga nan: ƙaramin asibiti na ƙaramin ma'aikaci ne, kuma nauyinsa yana kan hukumar da ta fi kowa ƙarancin kuɗi.

Sa'ad da aka fara tsara aikin jinya da doka, Arewa ta shigo da rauni. An yi dokar ungozoma a 1930, aka kafa Majalisar Nas ta Nijeriya a 1947, makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa na Ibadan ta buɗe a 1952, Jami'ar Ibadan kuma ta fara sashen digirin jinya a 1965. Kowane mataki daga cikin waɗannan ya ɗaga sharaɗin shiga, wato sai mai takardar makaranta. To, makarantun 'yan mata na farko da hukuma ta buɗe a Kano da Katsina sai a 1930 aka fara su, kuma 'yan kaɗan suke ɗauka. Yarinyar da ba ta gama firamare ba ba za ta zama ungozoma mai rajista ba, mace mai naƙuda kuma, a al'adar da take daraja sutura da kunya, ba ta son namiji ya karɓi haihuwarta. Shi ya sa ungozomar gargajiya ta ci gaba da riƙe ɗakin haihuwa na gida. Manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, wadda gwamnatin Sardauna ta bi, ta faɗaɗa horarwa, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta zo da asibitocin koyarwa a Zariya da Kaduna. Duk da haka, 'yan ƙalilan ɗin da suka fito manyan asibitocin birni ne suka shanye su.

Bayan yaƙin basasa, kuɗin mai ya ba gwamnati ƙarfin yin babban shiri. A tsarin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, aka fito da shirin kiwon lafiya na matakin farko, aka gina cibiyoyi, aka buɗe makarantun fasahar kiwon lafiya a jihohi don samar da sabon rukunin ma'aikata. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙarfafa wannan tunani a duniya. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ba shi cikakken fasali: ya fara da ƙananan hukumomi 52 na gwaji a 1986, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kafa hukumar kula da lafiya matakin farko ta tarayya a 1992. An raba aiki gida uku: tarayya ta ɗauki asibitocin koyarwa da na ƙwararru irin Cibiyar Ido ta Mando, jiha ta ɗauki janar-janar, ƙaramar hukuma ta ɗauki sha-ka-tafi. A takarda, jami'in lafiyar al'umma zai riƙa ɓata kaso mai yawa na lokacinsa yana zaga gidaje, yana wayar da kai da rigakafi. A zahiri, da yake babu nas a ɗakin, shi ya zauna kan kujerar nas da ta likita gaba ɗaya. Wannan ya zo daidai da tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, likitoci da nas suka fara cin rani a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, har gwamnatin Babangida ta kafa kwamiti a 1988 kan ficewar ƙwararru.

Mai ja zai ce, to mene ne laifin hakan, tunda jami'an lafiyar al'umma suna aiki, kuma su ne suke yarda su zauna a ƙauye? Babu mai musun amfaninsu. Rigakafin yara da awon ciki da maganin zazzaɓin cizon sauro a Arewa a kafaɗarsu suke, gwamnatin tarayya ma ta amince da haka a 2014 da ta fitar da manufar miƙa musu wasu ayyukan nas da ungozoma bayan ƙarin horo. Amma bincike ya nuna cewa yawan ƙwararrun masu jinya da zurfin karatunsu suna da alaƙa kai tsaye da rai da mutuwa. Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta sun nazarci asibitoci 168 a Amurka, suka bayyana a 2002 cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 suka sami kusan wannan sakamako a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, tare da ƙarin cewa yawan nas masu digiri yana rage mace-mace. Gaskiya ne a ɗakunan tiyata na ƙasashe masu arziki aka yi wannan nazari, amma dalilin da ke ƙarƙashinsa bai san iyakar ƙasa ba. Nas ita ce idon da ke kan majinyaci tsakanin zuwan likita da dawowarsa. Jinin da ya ɓalle bayan haihuwa, ko jijjigar mai ciki, ba sa jiran gari ya waye, kuma gane alamarsu da wuri shi ne abin da shekarun horo suke saya.

Nijeriya ta gwada cike wannan giɓi, gwajin kuma ya bar darasi. A ƙarshen 2009 aka fara shirin tura ungozomomi karkara, aka ɗauki sababbin da suka gama makaranta, da marasa aiki, da waɗanda suka yi ritaya. An tsara ungozoma huɗu a kowace cibiya don a iya buɗe ɗakin haihuwa dare da rana, cibiyoyi huɗu kuma suna jingine da babban asibiti ɗaya. Tarayya za ta biya naira dubu 30 a wata, jiha ta ƙara dubu 20, ƙaramar hukuma ta ba da dubu 10 da masauki. Binciken da Edward Okeke da abokan aikinsa suka yi daga baya ya gano cewa zuwa awo ya ɗan ƙaru a farkon shirin, sannan tasirin ya dusashe. Cikin dalilan akwai rashin biyan alawus a kan kari, da rashin masauki mai kyau, da barin aiki. Ungozomomin sun samu, an kuma kai su. Abin da ya gagara shi ne riƙe su, ya kuma gagara ne daidai wurin da ya saba gagara tun zamanin En'e, wato kason da aka ɗora wa ƙananan matakan gwamnati. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba.

Yanzu a dawo kan masu cewa fita waje ce tushen matsalar. Alƙaluman ba na wasa ba ne. A Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Nas da Ungozoma, Faruk Umar Abubakar, ya ce nas dubu 42 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da dubu 15 a 2023 kaɗai, majalisar kuma ta yi yunƙurin sa sharaɗin aikin shekara biyu kafin a tantance takardun mai son fita, abin da ya jawo zanga-zangar nas. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce kada a riƙa farautar ma'aikatan lafiyarsu. Amma wanda yake tafiya Ingila galibi daga babban asibiti yake tashi, inda ya sami ƙwarewa da kuɗin jarrabawa. Gurbin da ya bari nas ɗin jiha ce take hanƙoron cikewa, domin tarayya tana biyan cikakken tsarin albashin ma'aikatan lafiya, jihohi da yawa kuwa kaso suke biya. Haka kowa yake matsawa sama da taki ɗaya, kamar guga a rijiya, na ƙasa ne kullum yake komawa wayam. A wuri irin Mando, inda asibitin tarayya da na soja da na kuɗi suke kusa da juna, ba sai nas ta nemi biza ba kafin ta bar asibitin unguwa. Ko da an rufe filayen jirgin sama gobe, wannan hijira ta cikin gida za ta ci gaba.

Haka nan ƙara gurabe a makarantu, ko da yake alheri ne, ba zai wadatar shi kaɗai ba. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da ɗaga adadin ɗaliban jinya da ake ɗauka a shekara daga dubu 28 zuwa dubu 64. Shirin Mata Don Lafiya, wanda Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya nuna cewa idan aka ɗauko yarinya daga ƙauyenta, aka yi mata shekarar share fage, tana iya zama ungozoma ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Jihar Kaduna a zamanin Nasir El-Rufai ta ɗauki alƙawarin gyara cibiya ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin 255, ta kuma tattara ma'aikatan matakin farko ƙarƙashin hukuma ɗaya ta jiha, wanda shi ne yunƙuri mafi muhimmanci na warware ƙullin da aka gada. Sai dai fenti da rufi da na'ura ana ganinsu ranar buɗewa, albashi kuwa kowane wata yake dawowa, shi ya sa gwamnatoci suka fi saurin gini a kan ɗaukar ma'aikata. Sakamakon shi ne abin da ake gani a jihohi da dama: mai takardar jinya tana zaune ba aiki ko tana aikin sa-kai, alhali cibiyar da ke bayan gidansu ba ta da mai kwana.

Masu cewa babu kuɗi suna da hujja, amma rashin kuɗi dalili ne na ƙididdiga mai kyau, ba na barin ta ba. Tun 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da hanyar auna yawan ma'aikatan da cibiya take buƙata gwargwadon nauyin aikinta: a lissafa sa'o'in da ma'aikaci yake da su a shekara bayan an cire hutu, a auna mintocin da awo ko karɓar haihuwa ko allura suke ci, a ninka da abin da ke rubuce a littafin cibiyar, sannan a raba da sa'o'in ma'aikaci ɗaya. Unguwar da take tumbatsa kamar Rigasa ba za a ba ta ma'aikata daidai da ƙauyen da mutanensa ba su kai rabin rabinta ba don kawai kowacce mazaɓa ɗaya ce. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, har da kaso na ma'aikata. Abin da ya rage shi ne Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kaduna da majalisar dokoki su riƙa bayyana wa jama'a, cibiya bayan cibiya, nas da ungozoma nawa aikin yake buƙata, nawa ke kan albashi, nawa kuma suke kwana a bakin aiki. Matuƙar albashi da masauki da ƙarin girma na mai aiki a sha-ka-tafi ba su kusanci na takwararta a asibitin tarayya ba, duk wadda aka horar za ta bi hanyar da na gabanta suka bi, kuma babu wanda zai ga laifinta.