Gungume

gungume (sn., nj., jam. gumagumai) Ƙaton guntun gangar itace da aka sare, aka sassabe rassansa, ba a riga an tsaga shi katako ba. Ana loda gumagumai a bayan tirela, a ɗaure su tamau da sarƙa don kada su zame a kwana. Wajen saukewa sai a jingina ƙarfafan itatuwa biyu a gefen motar, a kwance sarƙa, 'yan dako su riƙa mirgino su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kauce daga gabansu. Misali: Tireloli sun riƙa kwasar gumaguman madobiya daga dazuzzukan Taraba zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Duba: katako, lodi.