Bege ko Ibada? Sake Duba Simfoni na Uku na Charles Ives

Tun da Stuart Feder ya fitar da littafinsa kan rayuwar Charles Ives a 1992, wata fahimta ta samu gindin zama: wai waƙoƙin coci da suka cika kiɗan Ives makoki ne na mahaifinsa George, wanda ya rasu a 1894, kuma shi ne ya kasance mai jan waƙa a tarurrukan farkaswa na Redding a jihar Connecticut. Bisa wannan ra'ayi, Simfoni na Uku, wanda aka fara kaɗawa a New York a 1946 ya kuma ci kyautar Pulitzer a 1947, begen ƙuruciya ne sanye da rigar addini. Ina ganin an yi gaggawar yanke hukunci.

Hujjar Feder ba ta da rauni. Ives ya ajiye aikin kaɗa ogan a cocin Central Presbyterian a 1902, abin da ake iya ɗauka janyewa ne daga ibada, kuma kashi na biyu na simfonin, mai ɗauke da wasan yara, da wuya a kira shi addu'a. Na sallama wannan kashi.

Sai dai a saurari kashi na uku, na Jibin Ubangiji. Karin waƙar coci mai suna Woodworth, wadda William Bradbury ya tsara, ba ya fitowa gaba ɗaya da farko. Gutsure-gutsure ake ji: gaɓa biyu a nan, uku a can, goge ya ɗauko ya saki, wani ya karɓa a wata murya. Sai dab da ƙarshe selo, babban gogen nan mai kaurin murya, ya rera shi cikakke. J. Peter Burkholder ya bayyana wannan gini a 1995, amma ta fuskar fasaha. A ganina ya wuce fasaha. Mai bege da cikakken abu yake farawa, yana kukan gushewarsa. Mai neman Allah kuwa da lalube yake farawa, cikar tana gaba. Tafiyar wannan kiɗa irin ta biyun ce, kuma asalinsa kiɗan ogan ne da Ives ya kaɗa a cikin coci, a gaban masu sujada.

Mabiya Feder za su ce mai makoki ma yana iya laluben muryar uba. Haka ne, kuma takardar kiɗa ba ta buɗe zuciyar mutum. Iyakar abin da nake karewa shi ne, kashi na uku an gina shi ne bisa tsarin ibada, don haka nauyin kawo hujja yana wuyan wanda ya ce ba ibada ba ce.